Ciwon Oba-Oba A Wuya Yake

Duk wanda ya biyo hanyar mota daga Ikko zai tafi Sakkwato, in ya haye gadar Jebba ya wuce Mokwa, to da wuya bai ya da zango a Kontagora ba, garin Sarkin Sudan. Direbobin da ke bin wannan hanya sun daɗe suna ɗaukar saƙon 'yan'uwanmu mazauna Kudu zuwa gida, kamar su atamfa, da goro, da takalman yara, da 'yan kuɗin cefane. A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shiga cikin saƙon, watau 'yar rediyon hannun nan da ake kira oba-oba, wadda akan sayo a kasuwar Alaba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar Kontagora, musamman wajen Mariga da ta yi iyaka da Jihar Zamfara, ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Mayu na 1442 bayan Hijira, watau 2021, aka kwashe yara fiye da ɗari daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, gabas da Kontagora. A watan Satumba na shekarar kuma Gwamnati ta sa aka rufe layukan wayar salula a Zamfara na wani lokaci. Jama'a suka ga cewa wayar da suka dogara da ita tana iya yin shiru rana tsaka. Ita kuwa oba-oba ba ta bukatar dogon ƙarfen kamfani, ba ta bukatar kati. Wannan ya riƙe tasa, wancan ya riƙe tasa, shi ke nan sai magana. Masu gadi a Ikko da Ibadan sun san ta sarai, domin da yawansu da ita suke kwana.

To, amma sau da yawa bayan 'yan watanni sai labari ya zo daga gida cewa rediyo ta mutu. Tana kamawa, fitilarta na haske, batir cike, amma ba ta jin kowa sai wanda ke tsaye a ƙofar gida. Ɗan'uwa sai ya sake ƙulla kuɗi ya sayi wata. Alhali kuwa masu gyaran rediyo, waɗanda ke zaune da ɗan teburinsu da ƙarfen liƙa dalma a kasuwar Kontagora da sauran kasuwanni, sun san inda za su fara dubawa kafin su kwance ko da kusa ɗaya. Wuyanta suke dubawa, watau daidai wurin da eriya ta haɗu da jikin rediyo.

A wannan wuya abubuwa biyu ne ke aiki. Akwai ƙarfe na waje mai haƙora wanda ake murɗawa, sa'an nan a can tsakiya akwai wata 'yar allura da ke shiga cikin wata 'yar kafa. Duk maganar da rediyo za ta ji, da duk wadda za ta aika, ta kan allurar nan take bi, ita kuwa ba ta kai kaurin tsinken ashana ba. In ta lanƙwashe, ko ta nutse ciki, ko kafar ta buɗe ta daina riƙe ta, to eriyar ta zama ado. Mutum zai ga ta a ɗaure tam, ya rantse cewa lafiyarta ƙalau, ga shi kuwa ba ta taɓa komai.

A nan ne masu saye daga Kudu suka fi yin asara, saboda haka ya kamata a tsaya a kai. Irin wuyan da ake murɗawa sunansa SMA, kuma akwai namiji akwai mace. Mai allura shi ne namiji, mai kafa ita ce mace. Rediyon Baofeng UV-5R, wadda ta fito a 2012 kuma ta cika kasuwanni saboda arha, allurarta a jikin rediyo take, don haka eriyarta dole ta zama mai kafa. Amma yawancin na Yaesu da Icom akasin haka suke, kafar na jikin rediyo, allurar na jikin eriya. Wanda ya shiga shago ya ce kawai a ba shi eriyar oba-oba, yana iya ɗauko wadda ba za ta ko ɗauru ba. Wannan ma da sauƙi, domin nan take za a gane. Wadda ta fi mugunta ita ce eriyar akwatin intanet na cikin gida. Haƙoranta sun yi daidai da wuyan irin su Yaesu, tana murɗuwa har ƙarshe kamar don ita aka yi, amma ita ma kafa gare ta. Kafa ta fuskanci kafa, babu allura a tsakani, babu abin da zai wuce. Ko da ma ta taɓa, an yi ta ne domin wani zango dabam mai nisa da na oba-oba.

Akwai kuma wata irin rediyon hannu wadda ba ta aika magana, saurare kawai take yi. Tana zagaya zanguna da kanta, in ta ji murya ta tsaya. Kamfanin Uniden ya yi suna a kanta. Da yawa daga cikin irin waɗannan wuyansu BNC ne, wanda ake dannawa a ɗan juya har ya ce ƙyas. In ba a juya shi ya kulle ba, ko kuwa yawan cirewa da mayarwa ya sa 'yan yatsun da ke cikin kafar sun buɗe, sai rediyo ta yi ta zagaye ba ta tsayawa ko'ina, mai ita ya zaci kowa ne ya yi shiru. Wasu sukan jera mahaɗi biyu ko uku don su sa eriyar da ba tata ba. Kowane mahaɗi ƙarin wurin saki ne, ga kuma nauyin da yake ɗora wa wuyan.

Galibin wannan ciwo mu ke jawo shi da hannunmu. Mutum zai zaro rediyo daga aljihu ta hanyar kama eriya, ko ya riƙa kaɗa ta da ita yana hira. Wani zai soke ta a ƙugu ya hau babur ya bi hanyar Rijau, eriyar na tokarar haƙarƙarinsa a kowane rami. Sannu a hankali sai notin da ya riƙe wuyan a jikin rediyo ya saki, wuyan ya fara juyawa tare da eriya, dalmar da ta liƙa shi da allon ciki ta tsage. Sa'an nan ga ƙurar hunturu da ke cika kafar, ga ruwan damina da gumi da ke barin wani koren tsatsa a kan ƙarfen.

Gane inda ciwon yake ba ya bukatar na'ura mai tsada. Da fari a kashe rediyo, a kwance eriya, a duba ciki da tocila: allura na tsaye a tsakiya, ko ta karkata? Akwai ƙura ko tsatsa? In akwai, a goge da ɗan auduga da sifirit, a bari ya bushe. Kada a ɗiga man inji, kada kuma a kankare da wuƙa. A mayar da eriya a ɗaure da yatsu kawai. Filaya ba ta da aiki a nan, ita ce ma ke murɗe wuya ta tsinke dalma. Bayan haka a kunna, a sauke ma'aunin nan da ke toshe shuuu, wanda aka rubuta SQL, zuwa 0 ko 1, domin in an kai shi 9 rediyo ba ta buɗe baki sai ga murya mai ƙarfi ƙwarai, kuma mutane da dama sun zargi eriya a kan laifinsa. Sai a sa wani ya yi magana daga nesa, ana ɗan motsa gindin eriyar a hankali. In murya na zuwa tana yankewa daidai da motsin, to an kama ɓarawo.

Abin da ya rage shi ne a san ko eriyar ce ko jikin rediyon. A ari eriyar maƙwabci mai irin rediyon a gwada. In ta warke, eriya za a saya, kuɗinta kuwa bai kai na rediyo ba ko kusa. In ba ta warke ba, kuma wuyan na girgiza, sai a kai wa mai gyara ya buɗe ya sake liƙa dalma ya ɗaure noti. Amma fa a lura da abu guda: tasha mai ƙarfi da ke kusa tana shigowa ko babu eriya sam, saboda haka gwaji da ita yaudara ne. Da murya mai nisa ake gwadawa.

Babban haɗarin yana ga mai danna maɓallin magana alhali eriya ba ta haɗu ba. Rediyon na fitar da ƙarfin da ya kai wat 4 ko 5, in bai sami hanyar fita ba sai ya komo ciki ya zafafa tiransiston da ke aika magana. In aka yi ta yi, sai ya ƙone. Daga nan rediyo za ta riƙa jin kowa amma babu mai jin ta, mai ita kuwa ba zai sani ba sai daren da ya kira neman taimako ba a amsa ba. Wannan ya sa ya kamata 'yan sintiri su riƙa gwada kiran juna daga nesa kowace yamma kafin su fita.

Dattawanmu da suka zauna Sabon Ibadan ko Agege a shekarun 1970 suna tuna yadda in eriyar akwatin rediyo ta karye, sai a ɗaura mata wayar shanya ko silin keke, Kaduna ta shigo raɗau a kan mita 49, BBC ma da ta fara Hausa tun 1957 ta shigo. Wannan dabara ta yi aiki domin saurare kawai ake yi, kuma a gajeren zango kusan kowace doguwar waya taimako ce. Oba-oba ba haka take ba. Tsawon eriyarta a aune yake da zangon da take aiki. A wajen megahaz 145 miƙaƙƙiyar waya na bukatar kamar inci 20, a wajen 435 kuwa ba ta kai inci 7 ba. Gajerar baƙar eriyar nan ta roba, waya ce aka nannaɗe a ciki don ta cike wannan awo. Wanda ya cusa silin keke a wuyanta ya buɗe kafar, ya kuma jefa tiransisto cikin haɗari.

Ba kuma kowane shiru ne laifin eriya ba. A watan Maris na 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda aka buɗe a 1979, ya ɗauke daga iska bisa umurnin Gwamnatin ƙasarsu, babu gyaran da zai dawo da shi a lokacin. Haka nan nisan da ake rubutawa a jikin kwali ba abin yarda ba ne. Hannu da hannu a fili, mil biyu ko uku ne abin sa rai, tudu ko kurmi na rage shi, hawa bisa na ƙara shi. Har ila yau aika magana a waɗannan zanguna na bukatar izinin hukuma, shiga zangon 'yan sanda ko soja kuwa neman rigima ne.

Saboda haka ɗan'uwan da aka aiko wa cewa rediyo ta mutu, ya fara cewa a kwance eriyar a ɗauko masa hoton wuyan rediyon ta sama, inda za a ga allura ko kafa, da kuma sunan da ke rubuce a bayanta ƙarƙashin batir. In da hali, a ba direba tsohuwar eriyar ya taho da ita. A shago kuma ya sa a ɗaura sabuwar a kan rediyo irin ta gida, yaron shago ya tafi can ƙarshen layi da wata, su yi magana, sa'an nan ya biya. Ya haɗa da guda ɗaya ta ajiya, ya sa su cikin kwali mai tauri, domin a bayan mota buhunan goro ake ɗora wa kaya.