Magani ko dusa? Yadda ake gwada abu biyu a lokaci guda

A wani taron ƙungiyar makiyaya a ƙasar Kwaya, wata uku kafin Layya, gardama ta tashi a kan kuɗin asusu. Kuɗin ba su da yawa, ragunan turke kuma na jira. Wani dattijo ya ce a sayi maganin tsutsar ciki, don bara ya ba ragonsa, ya yi ƙiba har ya samu kuɗi mai kyau a kasuwar Magarya. Wata mata ta ce ita ma ta ba nata irin wannan maganin, ba ta ga komai ba, gara a sayi dusa. Sai aka juyo gare ni.

"Likita, kai ka raba mu. Wane ne mai gaskiya?"

Na ce, "Baba, me ragonka yake ci a lokacin?" Ya ce dusa da harawa, safe da yamma. Na tambayi matar: "Inna, naki fa?" Ta ce karan gero kawai, sai abin da ya tsinta. Na ce musu duka biyun gaskiya suka faɗa. Magani ɗaya ne, amma cikin da ya tarar ba ɗaya ba ne.

Wannan matsala tsohuwa ce. A gonar gwaji ta Rothamsted da ke Ingila, wani masanin lissafi mai suna Ronald Fisher ya kama aiki a 1919. A rubutunsa na 1926, da kuma littafinsa na 1935 kan tsara gwaji, ya nuna cewa gwada abu ɗaya-ɗaya yana ɓoye gaskiya, domin amfanin wani abu yakan dogara ga wani. Shawararsa ita ce a haɗa su cikin gwaji guda, a bi duk hanyoyin da za su iya gamuwa. Shi da taki da iri yake aiki, amma dabarar ta dace da garke.

Abu biyu muke tambaya a kai: magani da dusa. Kowanne ko a ba da shi ko a hana. Ke nan rukuni huɗu za a yi: na farko ba magani ba dusa, na biyu magani kawai, na uku dusa kawai, na huɗu duka biyun. A auna nauyin kowane rago ranar farko, a sake aunawa bayan kwana 60.

Ga lissafi na misali, wanda na zana musu a ƙasa da sanda don a fahimta. A ce rukunin farko ya ƙaru da kilo 2, na magani kawai kilo 3, na dusa kawai kilo 4, na duka biyun kilo 9.

Tambaya ta farko: me magani ya yi gaba ɗaya? Rukunan da suka sha magani sun samu 3 da 9, tsaka-tsakinsu 6. Waɗanda ba su sha ba sun samu 2 da 4, tsaka-tsakinsu 3. Bambancin kilo 3 ne. Wannan shi ake kira babban tasirin magani. Haka ake yi wa dusa: 4 da 9 sun ba da 6 da rabi, 2 da 3 sun ba da 2 da rabi, babban tasirinta kilo 4.

Wanda ya tsaya nan zai ce kowane rago da ya sha magani zai ƙaru da kilo 3. A misalin nan babu rukunin da ya ga haka. Inda babu dusa, magani ya ƙara kilo 1 tak, daga 2 zuwa 3: ragon Inna ke nan. Inda akwai dusa, ya ƙara kilo 5, daga 4 zuwa 9: ragon Baba ke nan. Da a ce kowanne aikinsa yake yi ba ruwansa da ɗan'uwansa, da rukuni na huɗu ya tsaya a kilo 5, wato 2 na asali, 1 na magani, 2 na dusa. Kilo 4 ɗin da suka hau kai sun fito ne daga gamuwar biyun. Shi ne tasirin haɗuwa. Duk lokacin da ya yi girma haka, kada a yanke hukunci da babban tasiri shi kaɗai.

Jikin dabba ma yana ba da dalili. Tsutsar da ta fi cutar tumaki da awaki a yankinmu da damina jini take sha a cikin dabba. Alamarta cikin fatar ido ya yi fari, wani lokaci ƙarƙashin haɓa ya kumbura. Magani yana kashe tsutsa, amma ba ya mayar da jini da tsoka, abinci ne ke yin wannan. Dusa kuma in ta shiga cikin da tsutsa ta cika, ragon ba zai mori dukanta ba.

Saura tambayar da wani matashi ya yi: "To in ragon rukuni na huɗu dama mai ci ne fa?" Nan ne nazarin bambanci yake shigowa. Raguna biyu da suka ci abu ɗaya ba sa ƙaruwa daidai. Lissafin yana auna bambancin da ke tsakanin ragunan rukuni guda, sannan ya gwada shi da bambancin da magani ya kawo, da wanda dusa ta kawo, da na haɗuwarsu. In tazarar rukunan ba ta wuce irin saɓanin da ake gani a cikin rukuni ɗaya ba, ba mu da hujjar cewa wani abu ya yi aiki. Kwamfuta ce ke yin lissafin, amma sharuɗɗansa a hannun makiyayi suke.

Kada rago ɗaya ya zama rukuni. A sa aƙalla biyar. A zaɓi masu kusan shekaru ɗaya da jinsi ɗaya, kada a tara Balami a gefe guda, Uda a wani. A raba su da ƙuri'a, don kowa yana da ragon da yake so ya ci dusa. A ba da magani gwargwadon nauyi, domin rage shi yana sa tsutsa ta saba da shi. A kiyaye kwanakin da takardar maganin ta ce a jira kafin yanka. Ragon da idonsa ya yi fari ƙal a cire shi daga gwaji a yi masa magani nan take.

Ƙungiyar ta ware raguna 20, biyar-biyar, aka rubuta sunan mai kowane rago a littafi. Sauran kuɗin an ajiye su sai awo na biyu ya fito. Baba da Inna ne aka ɗora wa riƙon sikeli, don kada wani ya ce an yi masa coge.