Abin da Ya Ɗaga Bedford, Shi Ya Kayar da Ita

A 1931 kamfanin Vauxhall da ke garin Luton a Ingila, wanda General Motors na Amurka ya saya tun 1925, ya fara fitar da manyan motoci da sunan Bedford. Dabarar ba ta da yawa: inji mai silinda shida da aka gado daga Chevrolet, farashi mai sauƙi, da ƙirar da ba ta wahalar da bakanike. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara mata ƙarfi, domin sojojin Birtaniya sun karɓi motocinta kusan 250,000. Da aka gama yaƙi, sai kasuwar ƙasashen da Ingila ke mulka ta buɗe mata.

Samfurin TJ mai dogon hanci, wanda ya fito a 1958, shi ne ya yi suna a Afirka da Asiya. A Najeriya reshen kamfanin UAC ya riƙa harhaɗa ta a Apapa, kafintoci su ɗora mata bodin katako, ta kwashi gyaɗa da auduga da mutane a tafiya ɗaya. Hanya marar kwalta ba ta dame ta ba, kuma idan ta lalace a daji, direba da yaron mota kan tayar da ita da sifana da waya.

To, a ganina wannan sauƙin ne ya ruɗi masu kamfanin. Ciniki na tafiya, sai suka ga babu dalilin kashe kuɗi a kan sabuwar ƙira. A Turai kuwa an shimfiɗa manyan tituna, 'yan kasuwa sun koma tirela mai jan kaya masu nauyi daga ƙasa zuwa ƙasa, inda Volvo da Scania da Mercedes suka riga kowa. Bedford ba ta shiga wannan fage sosai ba sai 1974 da samfurin TM, shi ma da injinan wasu kamfanoni a manyansa. Ta makara.

Sannan kasuwar waje da take dogaro da ita ta rushe. A farkon shekarun 1980 fam ɗin Ingila ya yi tsada saboda man Tekun Arewa, a daidai lokacin da kuɗin mai ya ja baya a Najeriya har gwamnatin Shagari ta taƙaita shigo da kaya a 1982. Dama Najeriya ta riga ta kafa nata masana'antu: Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Motocin Japan kuma sun shigo da arha da rashin shan mai.

Akwai masu ɗora laifin a kan siyasa. A 1986 General Motors ya nemi sayen sashen manyan motoci na Leyland tare da Land Rover, 'yan majalisar Birtaniya suka yi ca a kan kada a sayar wa Amurkawa, cinikin ya watse, a shekarar kuma kamfanin ya sanar da daina ƙera manyan Bedford. Gaskiya ne siyasa ta gaggauta abin, amma kamfanin da sai ya sayi abokin hamayyarsa zai rayu, ai ciwonsa ya daɗe.

An sayar da masana'antar manyan motocin da ke garin Dunstable ga wani kamfani mai suna AWD a 1987, shi ma ya durƙushe a 1992. Ƙananan motocin kaya sun ɗan ja lokaci, sai dai Rascal ƙirar Suzuki ce, Midi kuma ta Isuzu, suna kawai aka manna musu, har aka maye shi da Vauxhall. Masana'antar Luton kanta, kamfanin Stellantis da ya mallaki Vauxhall daga baya ya rufe ta a 2025.

A Sudan maƙera sun ci gaba da wargaza tsohuwar TJ suna sake gina ta, su ƙarfafa shasi don ta ɗauki fiye da abin da Luton ta tsara mata, a Pakistan kuma ana yi mata ado da fenti. A titunan Najeriya, gurbin da ta bari ya koma hannun Mercedes 911, yanzu kuma motocin Sin irin su Howo ne ke jan siminti da hatsi.