Littafi guda cikin kwana 30

A shekara ta 1999, a yankin San Faransisko na Amurka, Chris Baty da abokansa, su 21, suka ɗaura niyya kowa ya rubuta ƙagaggen labari mai kalmomi 50.000 cikin wata guda. Daga 2000 gasar ta koma watan Nuwamba, ta bazu cikin duniya.

Mako na biyu ne ke karya gwiwar marubuci, sa'ad da ɗoki ya wuce. Maganinsa uku ne: a rubuta kalmomi 1.667 kullum, kada a tsaya gyara sai an kai ƙarshe, a zauna da ƴan'uwa marubuta, kowa na faɗin inda ya kai.

Ƙungiyar da ke shirya gasar ta rufe a 2025, amma darasin na nan: sannu ba ta hana zuwa, fashi ke hanawa.