Ibro Da 'Yan Kallonsa: Yadda Ɗalibai Suka Ci Dogon Hutu A Wudil

Daga Wakilinmu

A ƙasashen Turawa akan shirya wasannin ban dariya a kan iyalin da suka tafi yawon hutu bakin teku, samari da 'yan mata su cika gidajen silima domin kallo. Mu nan dogon hutun ɗalibai cikin damina yake faɗowa, yaro ya koma gida ya kama fartanya da safe, da dare kuma ya nemi abin da zai ɗebe masa gajiya. A Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga ƙarshen shekarun 1990, wannan abin ɗebe gajiya shi ne kaset ɗin marigayi Rabilu Musa, watau Ɗan Ibro.

Ibro ɗan gida ne. An haife shi a Ɗanlasan ta ƙasar Warawa cikin 1971, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sa'an nan ya shiga aikin gandurobobi a 1991 kafin wasa ya janye shi gaba ɗaya. Saboda haka ɗalibin da ya biya kuɗin shiga gidan kallo ba baƙo yake gani ba. Karin harshen da yake ji na maƙwabcinsa ne, wautar da ake yi kuwa irin wadda zai iya cin karo da ita ce ran Juma'a a kasuwar shanu. Da doguwar jar hular nan ta bayyana a akwatin talabijin, tun bai buɗe baki ba ɗaki ya ɗauki dariya. Kashegari a gona za ka ji yara suna kwaikwayon maganarsa, in an koma makaranta kuma su tafi da ita ɗakin kwana.

To, amma ba kowa ne ya yi dariyar ba. Da yawa daga cikin ma'aikata da masu ilmin zamani sun raina irin wannan wasa da ake kira camama, suna ganin bai kama ƙafar Samanja Mazan Fama ko wasannin Ƙasimu Yero ba. A ganinmu sun yi gaggawar yanke hukunci, domin mutumin da ya mai da ɗan sanda da mai kuɗi abin dariya a gaban talaka ya san abin da yake yi. Ba a rasa kuma magidancin da ya kushe wasan a ofis, ya koma gida ya zauna tare da 'ya'yansa ya kalla har ƙarshe.

Sukar da ta fi nauyi daga wajen malamai ta fito. A 2002, da ya fito a matsayin Usama bin Laden cikin Ibro Usama, wasu sun ɗauki abin izgili ne, alhali kuwa matasa rububin sayen kaset ɗin suka yi. Haka iyaye da dama suka ƙi jinin raye-rayen Ibro Awilo, wanda ya kwaikwayi mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan Ibro Aloko. Tsohon ganduroba ya kwana a gidan yari, masu ƙaunarsa kuwa suka ce an yi masa haka ne saboda waƙar da ta taɓa manya.

Ya rasu a Kano cikin watan Disamba na 2014, dubban jama'a suka halarci jana'izarsa. Kaset ya ɓace, gidajen kallo da yawa sun koma nuna ƙwallon ƙafa, amma 'ya'yan waɗancan ɗalibai suna tura wa juna guntayen wasanninsa ta wayar hannu.