Daga Zanzibar Zuwa Matan Fada: Ruwan Da Aka Bari Ya Huta

 Daga nan Birnin Kebbi nake magana, kuma yau ruwa za mu shiga.

Na san kuna cin karo da bidiyoyin nan a TikTok: mutum kwance a kan ruwan teku, fuska a ƙasa, kifaye masu launi suna kewaya shi. Yawanci a tsibirai ake ɗaukar su, irin su Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. To, yaya abin yake?

Kayan aikin uku ne: tabarau mai rufe ido da hanci, bututun numfashi da ake kamawa da baki, bakinsa na sama a waje, sai takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Bututun ba ya wuce santimita 40. Dalili? In ya yi tsawo ka nutsa ƙasa, nauyin ruwa zai danne maka ƙirji ka kasa jan iska, kuma iskar da ka fitar ita za ka riƙa sake shaƙa. Shi ya sa a saman ruwa ake yi, ana kallon kifaye, kunkurun teku da murjani. E, murjani fa, dangin wanda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Ba dutse ba ne tun asali, wasu ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali.

Amma ga abin da bidiyo ba ya nunawa. Kusa da Zanzibar akwai wani ɗan tsibiri, Chumbe, da aka killace ruwansa tun 1994, aka hana kamun kifi. Kifin da baƙi ke biyan daloli su kalla, doka ce ta bar shi da rai.

Da ka ji wannan, ai sai Argungu ta faɗo maka. Mu ma muna da irin wannan doka, kuma ta girmi ta Chumbe. A Matan Fada ba a su sai ranar da aka buɗe ruwa, Sarkin Ruwa ne ke lura da wannan. Saboda hutun nan ne giwan ruwa ke samun girma, har aka kama mai kilo 78 a bikin 2020.

Bikin kansa ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da aka gada.

Gaskiya ruwanmu ba garai-garai yake kamar na teku ba. Ko ka sa tabarau, laka za ka gani. To amma nan gwanintar take. Mai su na Kabi da hannu da ƙafa yake gani. Ya hau gorarsa, ya riƙe homa, ya nutsa ya lalubo kifi cikin duhu. A wasannin kabanci akwai nutso, tseren kwale-kwale, kamun agwagwa, da kamun kifi da hannu zalla. Ka fito daga ruwa, ga gidan tarihin Kanta, wanda ya kasance fadar sarki har 1942. Ruwa, halittu, tarihi, duk a gari ɗaya, tafiyar kamar awa guda daga Birnin Kebbi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Madatsun Bakolori da Goronyo sun canza yadda ambaliya ke zuwa fadama, alhali a cikin ruwan ambaliya kifi ke hayayyafa. Yashi yana cike gulbi. Wasu na su da gidan sauro, su kwashe har 'ya'yan kifi. Wasu na zuba guba. Mu kuma muna bin bayansu da ledar fiya wata. Kada mu manta, an shafe kusan shekara 10 ba a yi bikin ba kafin 2020. Abin da ya taɓa tsayawa, zai iya sake tsayawa.

Me za mu yi? Gidan sauro ya koma kan gado. In an kawo maka kifin da bai kai yatsa ba, kar ka saya. Ka je bakin gulbi, ka dawo da ledarka. In za ka hau kwale-kwale, nemi rigar kariya, kuma in ba ka iya ruwa ba, wallahi kar ka gwada nutso don hoto. Sannan masu waya, ku je wurin dattawan masunta da sallama da ladabi, ku naɗi sunayen kifaye da dokokin ruwa daga bakinsu tun suna raye.

Zanzibar ta mayar da hutun ruwa abincin matasanta. Mu da muka gaji dokar, me zai hana?