Kafin Ka Aika wa Ɗan Bida Allon Karatu

A Adar mun saba na'ura daga waje take shigowa gida. Bambeye, ƙaramar hukumar da ke kudu maso yammacin birnin Tawa, ta haura mutum dubu 100 a ƙidayar 2012, kuma da wuya ka shiga gidan da ba shi da wani a bida, wato ci-rani. Da an ɗaure gero sai samari su kama hanyar Abijan, Libiya, Aljeriya, Kamaru ko Najeriya. In sun dawo gabanin damina, tsarabar ita ce atamfa, salula, rediyo, farantin hasken rana. Abin da ke tashi daga gida zuwa can kuwa sananne ne: kilishi, cuku, gabu, yaji, busasshiyar kuɓewa. Amma yanzu akwai malamin makaranta ko ma'aikaci a Tawa da ke son yi wa ƙanensa ɗalibi a Maroko ko Masar kyautar da ta wuce ta ciki, sai hankalinsa ya kai ga allon karatu na lantarki, irin su Kindle da Kobo. Niyya ce mai kyau, sai dai akwai ramuka a hanyar.

Allon nan ba salula ba ne, ba kuma irin babban allon da yara ke kallon fim a kai ba. Fuskarsa cike take da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da ƙurar baƙi da fari. Wuta kan tura baƙin sama a inda ake son harafi, daga nan ya zauna a wurin ba tare da an ƙara kashe wuta ba, sai an juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana karatu da shi a tsakar rana tangaran, inda fuskar salula ke dushewa. Kamfanin E Ink da ke yin wannan fuska an kafa shi a Amurka a 1997, Sony ta fitar da allonta a Japan a 2004, Amazon ta kawo Kindle a 2007 a kan dalar Amurka 399. Yau mafi araharsa a Faransa ya ɗan haura yuro 100, wato sama da jika 65, tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. Nauyinsa bai kai giram 200 ba, yana kuma ɗaukar dubban littattafai. Ga wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar a unguwar Adjame ta Abijan, kayansa duka cikin jaka guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambayar farko ba ta na'ura ba ce, ta mutumin ce: yana karatu? A Nijar manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma da yawa daga ƴan bidarmu aikinsu tura baro ne, talla, gadi, sayar da shayi da nama. Wanda ya wuni a tsaye, in ya dawo da dare wa'azi yake kunnawa a salula, ko littafin Hausa da ake karantawa a YouTube. Ka ba irin wannan allon karatu, zai yi godiya don ladabi, bayan mako biyu ya sayar, ya turo kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana a sayi buhun gero. Ban ga laifinsa ba. Wanda allon zai yi wa rana shi ne ɗalibin jami'a, ma'aikacin lafiya da ke ƙarin karatu, ɗan kasuwar da ya yi zurfi a karatun zaure kuma bai daina bita ba, da matar aure a baƙon gari wadda ta riga ta saba cinye littafi a dare ɗaya. Kira ɗaya ya isa a gane: «Ƙanena, wane littafi ne a hannunka yanzu?» In ya yi shiru, ka canza kyauta.

In an wuce wannan, sai batun inda za a saya. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kar ka saya a gida. Allon da ya iso Yamai ya riga ya biya kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago, sannan kai kuma ka sake biya don ya koma waje. Akwai batirin litiyam a cikinsa, masu ɗaukar saƙo na jirgin sama suna da ƙa'idoji a kansa, fuskarsa kuma siririn gilashi ce a yawancinsu, matsi kaɗan a cikin buhun kaya ya isa ya tsaga ta. Hanyar mota ma ta ƙara tsawo da wuya tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda ke Faransa zai shiga shagon Fnac ya ɗauki Kobo da takardar garanti a hannunsa. Tura kuɗin ya fi sauƙi, ko da yake na san a wurinmu kuɗi ba ya ɗaukar nauyin kyauta kamar abin da aka naɗe aka miƙa.

Babban ramin kuwa shi ne rajista. Kindle ba ya cika aikinsa sai an ɗaure shi da asusun mutum a Amazon, asusun kuma yana da ƙasa. Amazon ba ta da shago na Nijar ko na Kwaddibuwa, sayen littafi yana buƙatar katin banki, abin da mai tura baro ba shi da shi. Katin kyautar da aka saya a shagon Amazon na Faransa ba ya aiki a na Amurka. Littafin da ka saya don wani a ƙasa ɗaya, mai yiwuwa ya kasa karɓarsa a wata ƙasar, saboda mawallafa ƙasa-ƙasa suke sayar da haƙƙin bugu. Wasu, don saukakawa, sukan yi wa allon rajista da sunansu kafin su aika. Sakamakon shi ne duk abin da ƙane ya danna ya saya, katin yaya ake cira, duk abin da yake karantawa kuma yaya na gani. Zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. A bar mai allo ya yi rajista da kansa, a ƙasar da yake zaune. Mai sayen na hannu kuma ya sa a gwada rajistar a gabansa kafin ya biya, domin Kindle da aka kai rahoton sata ko ɓatansa Amazon kan toshe shi, ba ya sake karɓar asusu.

Ya kamata kuma mai kyauta ya san cewa littafin da aka saya a irin waɗannan shaguna yawanci a kulle yake, izinin karatu aka sayar maka. A 2009 Amazon ta goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga allunan mutanen da suka biya kuɗinsu, ta mayar musu da kuɗin, bayan ta gano wanda ya sa shi a kasuwa ba shi da haƙƙi. A Fabrairun 2025 ta kuma rufe hanyar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta. Okadabooks ta Najeriya, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a cikinta, ta rufe a ƙarshen 2023. Saboda haka ga ɗan Adar na fi karkata ga Kobo ko PocketBook, waɗanda ake haɗa su da kwamfuta da igiyar caji a zuba musu littafin lantarki samfurin EPUB kai tsaye. Kindle ma yana karɓar EPUB tun 2022, amma sai an bi ta intanet an tura ta hanyar Amazon.

Wannan ya kawo mu ga abin da za a zuba, kuma a nan ne gida ke da abin bayarwa. Allo fanko kamar rumbu ne ba hatsi. Na Faransanci da Turanci ba wuya: Project Gutenberg, da aka fara tun 1971, yana da tsofaffin littattafai sama da dubu 70 kyauta, Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa ma haka. Abin da ɗan uwanka ba zai tarar a Rabat ko Liyon ba shi ne nasa. Wanda ke kewar gida zai so Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ko Sarraounia ta Abdoulaye Mamani, ko tarihin Adar kafin zuwan Turawa da Djibo Hamani ya rubuta, malamin da jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Ba kowanne ke samuwa a sigar lantarki ta halal ba, kuma ban goyi bayan kwashe guminsu a WhatsApp ba. Marubutan Hausa na yanzu, musamman mata, da yawa suna sayar da littattafansu kai tsaye ta salula a kan kuɗi kaɗan. Ka biya, ka tura masa.

Sai ka gwada kafin ka yi alfahari. Buɗe littafin Hausa a allon ka duba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wasu zubin haruffa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wani zubi daban. Yawanci sauya zubin haruffa a cikin saituna yana gyarawa. Matsalar littattafan addini ta fi haka. Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, da Alƙur'ani bugun Warshu da muka tashi da shi, mafi yawan waɗanda ke yawo hotunan shafuka ne a PDF. Hoto ba ya sake jeruwa in ka ƙara girman rubutu. A fuska mai inci 6, matani ya zama ƙanana, wasulla su haɗe, sharhin gefe kuwa sai dai a yi ta ja da yatsa, allon kuma a hankali yake motsi. Almajirin da ke Azhar ko Madina, in irin waɗannan zai karanta, allo mai inci 10 ne ya dace da shi, farashinsa kuma ya ninka na ƙaramin sau uku ko fiye.

Ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa: murfi mai tauri, don gilashin, da sanin cewa yawancin allunan yau ba su da gurbin layin waya. Duk sanda zai sauke sabon littafi ta intanet, sai ya buɗe masa daga salularsa ko ya nemi wifi na makaranta.