Zauren Haɗaka: Darasi Daga Makwancin Jan-baki

Duk manomin da ke noman shinkafa ko alkama a fadamun Miga, da sauran garuruwan da ke bin Kogin Haɗeja, ya san tsuntsun nan jan-baki. Da almuru dubbansu kan sauka a wuri guda, galibi cikin ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, su kwana, da asuba su watsu cikin gonaki. Manomi ɓarna yake gani, amma masanin halittu tambaya yake yi: me ya sa tsuntsayen da ke takarar abinci iri ɗaya suke kwana tare?

Amsar masana

Wani masani mai suna Peter Ward ya yi nazarin jan-baki a yankin Tafkin Chadi na Nijeriya a shekarun 1960. A 1973 shi da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin cewa makwancin tsuntsaye wurin samun labari ne. Tsuntsun da bai dace da abinci jiya ba yakan bi bayan wanda ya ƙoshi idan gari ya waye. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun ƙarfafa wannan ra'ayi a kan wasu tsuntsaye, kamar wani jinsin hankaka na Amurka ta Arewa, ko da yake bai game kowane tsuntsu ba. Abin lura dai shi ne, inda aka taru, ilimin ɗaya yakan isa ga masu yawa ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Matsalar mai koyarwa

Wannan ita ce matsalar duk mai ba da shawara kan sana'a a karkara, ko malamin gona ne, ko malamin dabbobi, ko mai koya wa mata masu turara shinkafa yadda ake lissafin uwar kuɗi da riba. Iliminsa ba shi da amfani sai ya isa kunnen mai buƙata kafin lokaci ya ƙure, domin shawarar da ta zo bayan shuka ta zama labari. Shi kuwa mutum ɗaya ne, ƙauyuka na da yawa, kuma da damina hanyoyin fadama kan yanke.

A ɗauki misali. Malamai biyar, kowane yana da mutum 20 da suka saba sauraronsa. Idan kowa ya kira taronsa daban, darasinsa mutum 20 kaɗai zai isa. Idan suka haɗu a zaure ɗaya rana ɗaya, kowane ya zo da mutanensa, to kowane darasi zai shiga kunnen mutum 100. Wanda ya zo don jin maganin ciwon tumaki zai tafi da sanin yadda ake adana riɗi, wanda kuma ya zo neman iri zai ji sharuɗɗan bashi. Ba a ƙara malami ko ɗaya ba, amma isar kowane ta ninka sau biyar. Adadin zai ragu idan wasu mutanen na malami biyu ne, sai dai ribar tana nan.

'Yan kasuwa sun daɗe da sanin haka. A Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, masu haja iri ɗaya layi ɗaya suke zama. Haka ake gani a kasuwannin mako irin su Gujungu da Shuwarin. Maƙwabcin rumfa abokin takara ne, amma layin ne yake jawo mai saye daga nesa, abin da rumfa ɗaya tilo ba za ta iya ba.

Abin da aka gwada

Hukumomin gona sun bi hanyoyi dabam-dabam don rage wannan tazara. A shekarun 1980, lokacin da Miga take cikin tsohuwar Jihar Kano, hukumar KNARDA ta yi aiki da tsarin horo da ziyara na Bankin Duniya, inda malamin gona kan ziyarci zaɓaɓɓun manoma duk mako biyu, su kuma su isar wa maƙwabta. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aikin ya koma hannun JARDA. Tsarin yana cin albashi da abin hawa masu yawa, shi ya sa ya raunana da tallafin bankin ya ƙare. Shirin Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya a 1992, ya ba da ƙarfi ga gonar gwaji, wadda ake tara jama'a a bakinta su gani da idonsu. A nan ma wuri ɗaya ne ke yi wa mutane da yawa aiki.

Sharuɗɗan haɗaka

Taruwa tana da farashi. Makwancin jan-baki ne wurin da masu feshi suka fi kai wa hari, domin nan ake samun su gaba ɗaya. Haka zauren haɗaka: wake ɗaya shi ke ɓata gari. In ɗaya daga cikin malaman ya tallata gurɓataccen iri, manomi ba zai bambance ba, zaure duka zai ƙaurace wa. Don haka wajibi ne a tace wanda za a ba dama, a raba fannoni don kada biyu su faɗi abin da ya saɓa wa juna, a kuma tsayar da rana wadda ba ta canzawa, kamar ranar kasuwa.

Ɗaliban da ke ƙungiyar matasa manoma za su iya gwada wannan a makaranta. A ƙirga mahalarta ranar da aka gayyato baƙo ɗaya, a sake ƙirgawa ranar da aka gayyato uku masu fannoni dabam, sannan a tambayi kowane ɗalibi wa ya zo saurare, da kuma abin da ya tafi da shi.